Rasuwar Ƙorafi, Mai Gadin Tayoyi Shida

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da hannun hagu a ɗaure cikin filasta, nake sanar da 'yan'uwa direbobi, da makanikai, da masu faci, da duk wanda yake cin abinci a kan taya, rasuwar na'urar da ke gadin iskar tayoyina, wadda aka fi sani da Ƙorafi. Ta rasu ranar Laraba da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a gefen titi, bayan shekara biyu da wata biyar tana aiki ba hutu. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi da wil-sifana, ƙarfen kwance notin taya, wanda ya kashe ta kuwa shi ne mai rubuta wannan sanarwa da hannun da ya rage masa.

Ina roƙon wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe, musamman ku direbobin da kuka daina tsayawa a rumfar Kumatu mai faci. Yau kwana goma sha biyu injin iskarsa bai tashi ba, saboda abin da na faɗa a kansa a gabanku. Na zubar masa da haƙori biyu, na zubar masa da suna. Haƙoran ba abin da zan iya yi a kansu. Sunan ne ya zaunar da ni nake wannan rubutu.

Marigayiya ba 'yar gidan manya ba ce. Cikin masu araha na zaɓo ta, a ɗan kwali, da takardar bayani wadda har yau ba a samu mai karanta ta ba. Jikinta ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba. Tana zaune a gaban mota, daf da gilashi, rana ce abincinta. Allah ya ba ta 'ya'ya shida, 'yan kawuna masu kama da murfin bawul, ana ɗaura kowanne a bawul ɗin tayarsa a matse shi da ɗan noti saboda masu ɗan hali. Huɗu suna jikin a-kori-kurata, biyu a ƙaramar tirelar da nake ja ina ɗaukar gilashin tagogi. Kowane kai an buga masa alamar tayarsa a goshi, shi ke aiko wa uwarsu labarin iska da na zafi. Ita ba ta ganin taya. Abin da ɗanta ya gaya mata shi take faɗa, kuma da sunan da ke goshinsa take kiransa, ko a ina aka ɗaura shi.

Mun shaide ta da gaskiya da rashin ɓoye-ɓoye. Da safe in na buɗe ƙofa sai ta ce "tit", gaisuwarta ke nan, ba ta ƙari. In taya ta fara sacewa a hankali sai ta ce "tii… tii… tii", cikin ladabi. In abin ya yi tsanani sai ta kunna jar wuta ta kama "ti-ti-ti-ti", ba ta sauraren rediyo, ba ta jin kunyar fasinja. Ita ta koya mini cewa da safe ake auna taya tun tana da sanyi, ni da na tashi cikin masu auna taya da ƙafa. Sau huɗu ta kama ƙusa tun ina cikin gari. Ranar da birkin tirela ya riƙe, ita ta ji zafin tun kafin hancina ya ji ƙauri.

Ba za mu ce ba ta da aibu ba. Takan saɓa da gejin awon iska da lamba ɗaya ko biyu. In ana ruwa, 'ya'yanta na tirela sukan yi shiru na ɗan lokaci, ta riƙa lalube. Tana da naci, shi ya sa kuka raɗa mata Ƙorafi, kuna cewa na ɗauko surukar da ba ta sauka a mota. Na yi dariyar tare da ku, a gabanta.

Mutum ɗaya ne bai taɓa raina ta ba, shi ne Kumatu, yayan matata, abokina tun shekara goma sha tara, tun kafin in san yana da ƙanwa. Duk kun san yadda ya samu sunansa. In zai ba taya iska sai ya kwance murfin bawul ya jefa a kuncinsa, ya yi aikinsa, ya tofo shi ya goge a riga ya mayar, sannan ya wuce taya ta gaba. Haka yake wa 'ya'yan marigayiya, ɗaya bayan ɗaya. In ya ɗaura kai sai ya shafa masa ruwan sabulu, ya tsuguna yana kallo ko kumfa zai tashi. Nakan ce masa, "Yaya, sai ka ce mai karɓar haihuwa!" Ba ya ko ɗagowa. Ranar Talata, ana gobe za ta rasu, ya ba tayoyina shida iska, ya yi musu yadda ya saba.

Ga abin da ban faɗa muku ba. Ranar Laraba da safe, kafin in ɗauki hanya, na ga shekara ta zagayo, ya kamata a canza wa kawunan 'yan batiransu masu kamar maɓallin riga. Sai na bi tayoyin nan na kwance duka shidan a lokaci ɗaya, na zuba su a farantin shayin uwargida, na zauna a bakin ƙofa ina buɗe su. Alamun goshinsu sun koɗe, tabarauna kuma yana ɗaki, ni kuwa ba na son maƙwabta su gan ni da shi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, ba ka gudun su cakuɗe?" Na ce ta ji da girkinta, mota ba tukunya ba ce. Na mayar da su yadda hannuna ya kai, ban nemi ruwan sabulu ba. Ashe kan da ke ɗauke da alamar gaban dama, a tayar hagu ta tirela na ɗaura shi.

Ciwon ajali ya fara ne bayan mun bar gari, ɗauke da gilashi arba'in da biyu. "Tii… tii… tii." Allo ya nuna gaban dama. Na tsaya, na sa geji, taya cike take tim. Na yi tsaki na koma. Ba mu yi nisa ba ta sake. Na sauka cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa, na auna, na harbi tayar da ƙafa, na zagi na'urar, na zagi wanda ya ƙera ta. A tsayuwa ta uku jar wuta ta kama, tana "ti-ti-ti-ti" kamar za ta tsage. Taku goma ne tsakanina da tayar tirela. Na ƙirga su daga baya, a gadon asibiti. Ban yi su ba.

Abin da na yi shi ne na fizgo ta daga gaban mota har da gam ɗin da ke riƙe da ita. Na ɗora ta a kan kwalta. Na zaro wil-sifana daga ƙarƙashin kujera. Bugun farko ya tsaga allonta gida biyu, amma ba ta yi shiru ba, ta ci gaba da kira cikin dasasshiyar murya. Bugu na biyu ya fasa bayanta, hanjinta na wayoyi suka fito, batirinta ya yi tsalle ya faɗa ciyawa. Na uku ba don komai na yi shi ba sai don daɗin da na ji, kuma ina jin kunyar daɗin nan har yanzu. Kalmarta ta ƙarshe "ti" ce, guda ɗaya, gajeriya. Na kwashe ta na watsa a ƙasan kujera, na tayar da mota, na ƙure rediyo.

Shirun bai kai minti ashirin ba. Muna kan gangara tayar tirela ta fashe, ƙarar ta dake ni a ƙirji kafin ta shiga kunnena. Rim ya ci kwalta yana feshin wuta. Tirela ta yi hagu, ta dawo dama, ta fizgi bayan mota, sitiyari ya ƙwace daga hannuna ya murɗe mini yatsu. Na taka birki, abin da bai kamata in yi ba ke nan, sai tirelar ta naɗo ta daki ƙofata. Na ji ƙashin hannuna ya ce ƙas. Gilashi arba'in da biyu suka tashi sama suka sauko a kan titi, ɓarɓashi ya shigo ta taga ya cika mini wuya da gira, jini ya rufe mini ido ɗaya. Allah ya taƙaita, babu mota a bayana, babu mai tafiya a gefen hanya. Da na rarrafo na fito, na tarar da tayar ta zama tsumma, a jikin bawul ɗinta kuwa ga ɗan kai, da na kanga shi a ido na ga alamar gaban dama.

A nan ya kamata in tuna da farantin shayi. Ba mantawa na yi ba, ƙin tunawa na yi. Kwana huɗu ina kwance ina dafa fushi, ina neman wuyan da zan rataya wa abin, sai na samu na Kumatu. Ina fitowa daga asibiti rumfarsa na nufa. Kuna nan, kun gani. Yana tsugune gaban tayar wani, da murfi a kuncinsa, ya ɗago zai yi mini sannu. Na tattara ƙarfin hannun dama na sauke masa a baki. Murfin ya fito tare da haƙori biyu. Na hamɓarar da bahon ruwan da yake gwada tuf ɗin taya a ciki, na yi ƙwallo da gejinsa, na ɗaga murya na ce wannan mutum ya cakuɗa mini kawuna, ya so ya kashe ni, duk mai son ransa ya kiyayi rumfar nan. Bai rama ba, alhali da hannu ɗaya zai iya naɗe ni. Ya tofar da jini ya ce, "Suruki, ni ban taɓa cire biyu lokaci ɗaya ba. Bakina ɗaya ne."

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Uwargida ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko farantin shayin nan ta ajiye a gabana. A tsakiyarsa akwai wani ɗan zoben roba, baƙi, bai kai ƙwayar ido ba, irin wanda ke cikin kowane kai yana hana iska zurarewa. Ta ce, "Ranar Laraba na tsince shi da zan wanke faranti. Na kira ka sau uku, ba ka ɗauka ba." Ta yafa mayafi ta ce za ta je jinyar Yaya. Har yau jinyar take yi. Na buɗe kan da na ciro daga fasasshiyar taya, na sa tabarau, na duba. Babu zobe a cikinsa. Ni na cakuɗa su, ni kuma na buɗe wa iskar hanya da hannuna.

Saboda haka ina shaida wa duniya cewa marigayiya ta mutu tana faɗar gaskiya. Ina shaida cewa Kumatu mai faci bai taɓa cakuɗa kan kowa ba, kuma duk garin nan babu mai hannunsa. Na yi kwana goma sha biyu ina wucewa ta bayan layi don kada in ga rumfarsa ba kowa, ina jin kuna maimaita maganata kuna ƙara mata gishiri, na yi shiru. Wannan shirun ya fi naushin muni, na sani.

Marigayiya ta bar 'ya'ya shida. Biyar suna nan a kan bawul, suna ta aiko labari ga uwar da ba ta ji. Na shida yana aljihuna. Ta bar ɗan sifanan matse noti, da wayar caji da ba ta taɓa buƙata ba, da tabon gam a gaban mota wanda na hana makanike ya kankare. Ta kuma bar wil-sifana, wanda ba shi da laifi, inda aka aike shi ya je.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a gaban rumfar Kumatu, in ya yarda a tsaya masa a ƙofa. Za a ɗauko gawar a cikin farantin shayin, da zoben robar a kanta. Ana gayyatar duk direban da ya ji abin da na faɗa ranar nan, ya zo ya ji wanda zan faɗa yanzu, da murya irin waccan. Ba a buƙatar kowa ya yi mini ta'aziyya. Mai son yin ta'aziyya ya zo da motarsa, ya shiga layi.

Makanike zai tuƙo a-kori-kurata ya ajiye ta a bakin rumfa. Bayan an binne marigayiya a gindin turken da ake rataye tsofaffin tayoyi, zan bi tayoyina huɗu in sace iskarsu da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, har rim ya zauna a ƙasa. Daga nan zan samu dutse in zauna. In Yaya ya ga dama ya tayar da injinsa. In bai ga dama ba, ba ni da ta cewa, kuma ba wani mai faci da zai taɓa motar nan. Wanda ya zo wucewa ranar Lahadi ya same ni a wurin, kada ya tsaya tambaya.