Yadda Na Aurar da Auta a Kujerun Mai Girma

Yau da safe mai hoto ya kawo mana kundin hotunan bikin Auta. Maiɗakina ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, ta rufe, ta miƙo mini. A kowane hoto, daidai saman kan amarya, ga wata ƙatuwar fuska a jikin ƙyalle tana murmushi, an rubuta a ƙasanta: "Mun gode, Mai Girma." Ku zauna in ba ku labari, in kun samu kujera.

Tun Auta tana makaranta take ce mini, "Baba, ni dai ranar bikina kada kowa ya tsaya a rana." Ta ga abin da ya faru a bikin yayarta, inda kakar ango ta ƙare a kan bokitin fenti. Na yi mata alkawari. Ni kuwa tela ne, ba ɗan takara ba, alkawarina yana damuna.

Sai na nufi wurin maƙwabcina Mai Kujeru. Na ce kujera ɗari biyu, rumfa huɗu, janareta da lasifika. Da ya faɗi farashin sai da na lalubi wurin zama. Ya ce wadda na zauna a kai ma ta haya ce.

Na ce, "Haba maƙwabci, aure zan yi wa yarinyar, ba gida zan gina mata ba."

Ya ce, "Ba laifina ba ne. Kwana biyu motata tana layin mai. Ga manya sun ɓata kasuwa, ba sa tayawa. In na ce goma, sai su ce in rubuta talatin."

Ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya. Wai ranar Asabar ɗin bikinmu, a filin bayan makaranta, Mai Girma Mai Almakashi zai ƙaddamar da famfon unguwa. Kun san famfon. Karo na uku ke nan ana ƙaddamar da shi, kuma gaskiya ba su taɓa gazawa wajen sake masa fenti ba.

Mai Kujeru ya ce, "Sun kama kujera ɗari biyar da rumfa goma, sun biya har ƙarfe shida na yamma. Taronsu ƙarfe goma na safe ne. A yanke ƙyalle, a yi tafi, a watse. Kai ka sa liyafarka ƙarfe uku. Kuɗin shara kawai za ka ba ni."

Na dawo gida ina tafiya kamar wanda aka ƙara wa albashi. Maiɗakina ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baban Auta, yaushe ka taɓa ganin mutanen nan sun zo a kan lokaci?" Na ce na ba su awa biyar cur, ko a ƙasa yake tafe ai ya iso. Ta ce, "To."

Ranar Asabar ƙarfe goma motoci suka sauke masoyan Mai Girma, kowa da hula iri ɗaya da kwali a hannu. Sha biyu ta yi, shiru. Ƙarfe biyu shugabansu ya miƙe ya ce su zuwa tsakar rana aka ɗauke su, ƙaunarsu ta ƙare. Suka ajiye kwalaye suka kama gabansu. Ashe ba kujeru kaɗai ake haya ba.

Ƙarfe uku baƙina suka fara shigowa, kowa ya ci ado, suka zazzauna. Baban ango ya dafa kafaɗata ya ce, "Gaskiya kun yi ƙoƙari, har da jan kafet." Na ce ai yi wa kai ne. Na aika a kawo amarya.

Motarta tana isowa bakin fili muka ji jiniya. Masu tsaro suka tare ta, suka ce ta matsa gefe. Wani mai babban fayil ya shigo a guje yana gumi, ya ga mutum ɗari biyu a zaune tsaf cikin kayan ado, saura kaɗan ya yi kuka don murna.

Ya ce, "Baba, mutanen nan na wa ne?"

Na ce, "Nawa ne. Bikin 'yata ake yi."

"Rabin awa kawai. In na ɗaga fayil su yi tafi."

"In na ƙi fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, kujerun na wa ne?"

Mai Girma, Allah ya ƙara masa numfashi, ya yi awa ɗaya da minti arba'in yana jawabi a kan tsuke bakin aljihu. Mai fayil ya ɗaga, surukaina suka tafa. Aka murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa, daga wata tankar da aka ɓoye bayan katanga. Da aka gama, tawagarsa ta ga tukwanen abincinmu ta ɗauka cikin tsarin taro ne, ta cinye tas.

Ana cikin jawabin na zagaya wurin motar. Direba ya kashe ta don kada mai ya ƙare, zafi kuwa ba a magana. Auta tana zaune a baya, kwalliyar da aka yi awa uku ana yi tana gangarowa har wuya. Ta sauke gilashi ta ce, "Baba, kowa ya samu wurin zama?"

Na ce, "Kowa."

Ta ce, "To shi ke nan," ta juya fuska don kada in ga hawayenta. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da na sani da na sayar da keken ɗinkina na kama rumfa biyu a ƙofar gida.

Shida saura minti ashirin da biyar suka tafi. Amarya ta shigo, ta zauna a kujerar Mai Girma tun tana da ɗumi, mai hoto ya yi ta ɗauka kamar ana korarsa. Ƙarfe shida daidai Mai Kujeru ya fara tattara kayansa, yana ba ni haƙuri, wai gobe da safe za a ƙaddamar da fentin wata kwalbati.

Washegari na ji a rediyo cewa dubban jama'a sun yi dafifi don nuna godiya. Mai fayil ma ya biyo ta shagona, ya gode, ya tambaya ko ina da sauran 'ya'ya mata. Na ce Auta ake ce mata.

Ɗazu maiɗakina ta kira Auta a waya ta faɗa mata maganar hotunan. Ina jin muryarta tana dariya, tana cewa, "Mama, ki bar shi. Baba ya cika alkawari, ba wanda ya tsaya a rana." Dariyar ta fi mini ciwo fiye da a ce faɗa ta yi.

Famfon kuwa tun da tankar ta tafi bai sake cewa komai ba, don haka ina kyautata zaton akwai ƙaddamarwa ta huɗu. Duk mai son sauƙin hayar kujeru, dabarar tana nan, ban hana ba. Amma ya sa bikinsa washegari, kuma ko da hakan, amarya ta zo da mafici.