Yadda Za Ka Miƙa Lambun Surukarka Ga 'Yan Talabijin, Ka Kuma Ci Gaba Da Kwana A Gidan

Ɗan'uwa, in kai ma irina ne, wato a gidan iyayen matarka kake zaune, kuma duk Asabar kana sunkuye a lambun surukarka har ƙugunka ya ƙage, matso kusa. Ni Velibor, mai koyar da tuƙi a garin Kraljevo, zan nuna maka yadda za ka kawo ƙarshen wannan lambu ba tare da ka kashe ko dinari ɗaya ba. Hanyar na bi ta da ƙafata. Ina ba ka tabbacin cewa in ka bi matakan nan daki-daki, lambun da ka sani ba za ka ƙara ganinsa ba. Wannan alkawari ne da ba ya tashi.

Mataki na 1: Kalli shirin har ka yi imani

Kowace Lahadi da yamma ka kunna Sabon Lambu, Sabuwar Rayuwa. Ka dubi Tijana, mai gabatar da shirin, yadda take yawo cikin taɓo da farin takalmi ba ya ɓaci. Ka lura da kyau: bayan an gama gyara, ba ka taɓa ganin mai gida riƙe da fartanya. Kullum a kishingiɗe yake da kofi a hannu.

Surukata, Radojka, takan tsaya a bakin ƙofa da wuƙar yanka kabeji, ta kalli farar tsakuwar da aka shimfiɗa wa bayin Allah, ta ce, "To, me za su ci?"

Kada ka amsa. Tsofaffi ba su san zamani ba, abinci kawai suka sani.

Sannan ka leƙa taga ka dubi abokin gabarka. Nawa dai kunya-kunya ne na tattasai, da tumatir, da kabeji, da wake, da tafarnuwa har jikin katanga. A tsakiya ga rumfar inabi wadda marigayi Milutin, mijin Radojka, ya dasa. Ita wannan ba a barina in taɓa ta. Radojka ce ke yi mata aski da kanta, maƙwabta suna kallo suna cewa, "Kun ga amana."

Mataki na 2: Nemo abin tausayi

Ka sani 'yan talabijin ba lambu ke kawo su ba, hawaye ne. Ranar da na buga waya, wata yarinya ce ta ɗauka, ko girman filin ba ta tambaya ba.

"Malam, akwai marar lafiya a gidan?"

"Babu."

"Gobara fa? Ko wani ya rasu?"

"Surukina ya rasu. Matarsa ce ke fama da lambun ita kaɗai."

Nan na ji muryarta ta warware. "Ayya. Tana iya tafiya kuwa?"

"Da ƙyar," in ji ni. Daidai lokacin Radojka ta wuce ta gaban taga da buhun dankali a kafaɗa, tana korar kyanwar maƙwabta da ƙafa.

In lamirinka ya motsa, ka tuna masa cewa ita ma ƙarya fure take yi, kuma shirin nan dama na furanni ne.

Mataki na 3: Fitar da tsohuwa daga gida

A nan kana buƙatar matarka, amma ka ba ta labarin da cokali, kada ka ba ta da ludayi. Na gaya wa matata Biserka cewa za su gyara famfon da ke yoyo, su daɓe hanyar da mamarta ke zamewa a kai lokacin ƙanƙara. Gaskiya ne, za su yi. Biserka har ta sumbace ni a goshi, ta ce, "Ashe kana da kai." Ta ɗauki uwarta suka tafi wankan ruwan zafi na ƙarshen mako.

Radojka ta shiga mota kamar wadda za a kai gidan yari. Ta sauke gilashi ta ce, "Suruki, tattasai da sassafe ake ba shi ruwa, ba da rana tsaka ba. Ya fara ja, saura kaɗan mu gasa shi mu niƙa, mu cika kwalabe da ajvar. Rumfa kuma ka bar ta yadda ka gan ta."

"To, Mama."

Ka ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Ka more wannan lokaci. Daga baya za ka riƙa tuna shi.

Mataki na 4: Ka ce "to" ga duk abin da aka tambaye ka

Za su iso da manyan motoci da ƙaramar katafila. Cikinsu akwai mai tsara lambu. Namu Nenad ne sunansa, yana naɗe da mayafi a wuya cikin wannan zafi. Ya zagaya cikin tattasan Radojka, ya rufe ido, ya ce, "Wannan fili ba ya numfashi."

Kada ka tambayi yadda fili ke numfashi. Ka gyaɗa kai. Kafin in gama gyaɗa nawa, katafila ta gama da tattasai ta shiga kabeji.

Zan yi musu adalci. Famfon da nake cewa zan gyara tun 'yarmu tana firamare, wani ya gyara shi kafin ruwan kofi ya tafasa. Hanya kuwa sun daɓe ta tsaf, har gobe ba ta motsa ba. Sauran aikin ne ya kamata ka kalla da ido ɗaya. Ciyawa a naɗe ta zo kamar darduma, aka shimfiɗa ta a kan busasshiyar ƙasa. Inda kunyoyi suke aka zuba farar tsakuwa. Furanni da tukwanensu aka binne su. Katanga an yi mata fenti daidai inda kyamara ke kaiwa. Aka kafa wani dutse mai feshin ruwa, wayarsa ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta shige motarsu.

Sai Nenad ya tsaya a gaban rumfar inabi. "Tana cinye mana haske," in ji shi. Tijana ta matso, kyamara ta juyo kaina, aka miƙo min abin magana.

"Malam Velibor, wani lokaci sai an saki jiya kafin a rungumi gobe, ko ba haka ba?"

Ban taɓa tsayawa a gaban kyamara ba. Turaren Tijana kuma ya cika min hanci. Na ji bakina ya ce, "A sare."

Kosara, maƙwabciyarmu, tana jingine da katanga tun safe tana cin 'ya'yan kabewa. Da zarto ya yi shiru ta tofar da ɓawo ta ce, "Maƙwabci, kana da wani wurin kwana?"

Mataki na 5: Tsaya inda ba za a iya jifanka ba

Ranar buɗe ido sukan ɗaure wa mai lambu fuska da ƙyalle. Samari biyu suka zo za su riƙe Radojka, tunda an gaya musu da ƙyar take tafiya. Ta ture su. "Na san hanyar gidana," in ji ta, ta taka har tsakar gida ido a rufe, su suna bin ta da sassarfa.

Tijana ta kwance ƙyallen. "Kaka, ga sabuwar rayuwarki."

Radojka ta dubi tsakuwa. Ta dubi ciyawa. Ta dubi dutse yana tofar da ruwa.

"Ina tattasaina?"

Aka tsayar da ɗauka, aka roƙe ta ta sake, wannan karon da murna. Aka mayar da ƙyalle, aka kwance.

"An ce mai haƙuri yakan dafa dutse," in ji ta. "Suruki, kawo tukunya."

Aka sake tsayarwa. Tijana ta fara gumi. Ana cikin gyara mata hoda ne Radojka ta juya ta ga inda rumfa take a da. Wasu fararen katakai ne a wurin, an rataya musu ƙananan fitilu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suka fara rawa. Tunda na shigo gidan nan ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka binne mijinta.

Mai kyamara ya ɗaga min babban yatsa. Biserka kuwa ba uwarta take kallo ba, ni take kallo.

Mataki na 6: Karɓi masu ta'aziyya da fara'a

Motocin za su tafi da wayarsu, dutse zai daina feshi. Ciyawa za ta koma kalar tabarma. Furanni za su mutu a cikin tukwanensu, kowa da kabarinsa. Wannan duk cikin tsari ne, kada ka damu.

Da aka nuna shirin, babu tattasai, babu tukunya. Hawayen kawai aka bari, aka sa musu kiɗa mai taushi, sai ga fuskata ta cika akwatin ina cewa, "A sare." Duk Kraljevo ta gani. Wani ɗalibina ya taka birki a tsakiyar titi ya tambaye ni, "Malam, waccan bishiyar ma a sare?"

Mata suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da jakar jan tattasai. Su ajiye a kicin, su riƙe hannun Radojka, su ce, "Sai haƙuri." Su wuce ni kamar turmi. A shekarar mun yi ajvar fiye da kowace shekara, ni ke gasa tattasan ina ɓare shi har yatsuna suka yi bororo, amma kwalba ko ɗaya ba a buɗe a gabana ba.

Matashin kaina kuwa na same shi a kan kujerar falo. "Shekarar da aka haife ni Baba ya dasa rumfar nan," in ji Biserka. "Yakan ɗora ni a wuya in tsinko inabi. Kai kuma ka sayar da ita don wata mai farin takalmi ta yi maka murmushi." Ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga da ƙarfi ma da ya fi min sauƙi.

Radojka kuwa aiki ta yanka min. Baro kawai na tarar a bakin ƙofa, da shebur a ciki.

Mataki na 7: Kwashi tsakuwa, ka kama bakinka

Wata safiya Biserka ta tafi aiki, ina ta lodin tsakuwa, sai ga Radojka da kofi biyu a faranti. Na waiga in ga ko baƙo ya shigo. Babu kowa.

"Zauna, suruki."

Na zauna a bakin baro. "Mama, maganar rumfar nan..."

"Sha kofinka." Ta dubi kututturen inabin da na tone daga cikin tsakuwa. "Ka ɗauka kukan baƙin ciki na yi?"

Na ɗaga kai daga kofin na dube ta.

"Duk inabin da rumfar nan ta haifa, Milutin ya dafa shi ya yi giyar rakija, ya shanye da abokansa a inuwarta, in sun watse ya shigo ya sauke a jikina. Wannan hannun ka ga ba ya miƙewa sosai? Ba sanyi ba ne. Bayan ya mutu na sha ɗauko gatari in mayar. Ina yi mata aski, ina ba ta taki, mutane suna yabona."

"Me ya hana ki, Mama?"

"Biserka. Ita uban da ta sani shi ne mai ɗora ta a wuya. Nata ne, ba zan ƙwace mata ba." Ta kurɓi kofi. "Ni ban iya ba, sai Allah ya kawo min wawa har gida. Tattasai dai ban yafe ba, kada ka ruɗe. Kuma zan ci gaba da zaginka a gaban mutane. Ka jure."

"To, Mama."

Sai ga kan Kosara ya ɓullo ta saman katanga. Radojka ta fizge kofin daga hannuna, ban ko kai rabi ba. "Dubi malalaci, an ba shi baro ya mayar da shi kujera. Kosara, kin taɓa ganin irin wannan jarabawa?"

"Sai haƙuri, maƙwabciya," in ji Kosara.

Mataki na 8: Kada ka yarda da kututture

Na yi lokacin sanyi gaba ɗaya a kujerar falo, bakina a rufe. In Biserka ba ta nan, akan buɗe min kwalbar ajvar a kicin, a tsaye nake ci, da sauri.

Da ƙanƙara ta narke, wata Asabar muna kafa kunyoyin tattasai, sai na ji Biserka ta kira sunana da muryar da na daɗe ban ji ba. Tana durƙushe a gaban kututturen. Ya yi toho, koren ganye kamar kunnen ɓera. Ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta ce in samo sanda in kafa masa, in kewaye shi da waya saboda kyanwa. A ranar matashina ya koma ɗaki.

Ina cikin ɗaure sandar ne inuwar Radojka ta rufe ni. Ta sunkuya kamar mai duba ganyen, ta yi wa 'yarta murmushi daga nesa, sannan ta rage murya.

"Suruki, mutanen nan naka na talabijin, suna zuwa gida ɗaya sau biyu?"

Togaciya

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gadonsa, ko tattasansa, ko mutuncinsa a unguwa, kada ya neme ni, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sunayen da ke sama duk na canja su, garin ma ba Kraljevo ba ne, kuma ba tuƙi nake koyarwa ba. In ka ratsa ta wata unguwa ka hango mutum yana ba inabi ruwa matarsa tana kallo ta taga ɗaya, surukarsa tana kallo ta ɗaya, ka wuce abinka. Ban san shi ba.