Kukan Tsuntsun Amurka a Fadamar Baturiya

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na kunyata kaina a fadamar Baturiya ba. Lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Haɗeja, ina kuma wani karatun tsuntsaye ta intanet. An ba ni aikin bambance wasu 'yan tsuntsayen Amurka biyu masu cafke ƙwari a iska. Launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, kuka kawai ya raba su: wannan "fits-biyu", wancan "fi-bi-yo". Na cika wayata da kukansu, na ishi abokan aikina da bayani (ni da ko sunan tsuntsun da ke kwana a darbejiyar gidanmu ban sani ba).

Wata Asabar ni da Malama Rifkatu, mai koyar da lissafi, muka shiga kwalekwalen wani tsohon masunci, Baba Bukar, wai zan nuna mata tsuntsaye. Da muka kutsa cikin doguwar ciyawar kachalla, ta rufe mu ta ko'ina. Ruwan baƙi ƙirin, ba iska, ko kwaɗo ba ya motsi. Baba ya rage murya ya ce ba a yawan surutu a nan, wurin yana da masu shi.

Sai na ji kukan dab da ni. Fits-biyu.

Tsuntsun da teku ya raba mu da shi, me ya kawo shi nan? Muka ƙara gaba, kukan ya biyo mu. Na kama karanto duk addu'ar da na sani, ina roƙon Baba ya juya, wannan ba tsuntsu ba ne. Da kukan ya sake tashi na miƙe zumbur, kwalekwalen ya karkata, sai ga ni tsundum a ruwan da bai wuce ƙuguna ba.

Malama Rifkatu ta zuge jakata da na jingina da ita, ta ciro wayata tana ta kuka abinta. Ta kashe ta, tana dariya har da hawaye.

Baba dai bai yi dariya ba. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam, hau mu tafi. Wayarka ta yi kira, kuma na ji an amsa mata daga can ciki."

Na hau, Baba ya tuƙa mu har muka fito tudu. Ranar Litinin labari ya riga ni isa makaranta, har shugabanmu ya tambaye ni ko na bushe.

Tun daga nan na gane, kafin mutum ya haddace muryar baƙin ƙetare, gara ya fara koyon zama daram a kwalekwalen garinsu.