Lalas da Cokali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zubar da girman kakannina a gaban hafsoshin soja ba. Lokacin kuɗin fetur ne, kowa a Sakkwato na sayen firij da babur, ni kuma ina taimaka wa wani Likita Sambo, mai binciken ciwon da ke ƙin tafiya bayan rauni ya warke.

Cikin marasa lafiyarsa akwai Kofur Ummaru, mutumin Wamakko, wanda aka yanke wa ƙafa a yaƙin basasa. Shekara da shekaru yana kukan ɗan yatsan ƙafar da babu ita yana masa zogi. An yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Ƙarshe hukumar soja ta turo hafsoshi su tantance ko ya taɓu, a kai shi gidan mahaukata.

Likita ya yi musu bayani har bakinsa ya bushe: ƙwaƙwalwa ce ke haɗa zafi, jijiyoyi saƙo kawai suke kai mata, kuma tana iya ci gaba da kaɗa ƙararrawar ciwo ko babu rauni. Babban hafsan ya yi hamma.

Sai Likita ya ce yana son jarumi ɗaya a yi masa lalas, wato a ɗora masa ƙarfe mai zafi kamar yadda wanzamai ke yi. Na yi wuf na miƙe. (Dama na ishi asibitin da labarin kakana da ya sha bulalar sharo yana murmushi.)

Aka ɗora ƙarfe a risho ina kallo har ya yi jajir. Aka ɗaure min ido. Na miƙa hannu ina ƙyaƙyata dariyar ƙarfin hali.

Abu ya taɓa ni.

"Wayyo Inna! Na ƙone!" Na yi tsalle na ture risho, wandona mai faɗin ƙafa ya harɗe ni, sai ga ni rub da ciki gaban takalman babban hafsan. Wallahi har ƙaurin fata na ji.

Da aka kwance min ido, Likita na riƙe da cokalin shayi da ya ciro daga firij. Hannuna ko ja bai yi ba.

Kofur ya yi dariya har da hawaye. "Ranka shi daɗe, wanga da ƙahwahunai biyu, cokali yas sa shi kiran uwa tai. In ni mahaukaci na, ku tahi da mu tare!"

Hafsan ya juya hannuna, ya duba, ya sake dubawa. "Da gaske ka ji zafi?"

"Na rantse, Yallaɓai."

Ya daɗe yana kallon dungulmin ƙafar Kofur, sannan ya ce a bar shi wajen Likita a ci gaba da magani.

Har na bar asibitin ana kirana Mai Cokali, kuma na amsa da alfahari, don ihuna ne ya mayar da Kofur gida wajen 'ya'yansa. Tun daga ranar, in mutum ya ce min yana jin ciwo, ba na cewa ya nuna min wurin. Labarin kakana kuwa, na bar wa kakana.