Karen Madam a Turken Kulu

"Lafiya lau, Malam Mai Kare. Ya gajiyar goyo?"

Da haka Kulu ta tari Lawali ranar Juma'a a ƙofar ɗakinta a unguwar Faisal. Taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubanta, gaisuwarsu ba ta tafiya sai da tsiya; a wasansu shi ne bawa, ita uwargijiya. Shi karatun addini ya kawo shi Alƙahira, ita kuwa aikatau take yi a unguwar Mohandessin, aikin da ke riƙe da 'ya'yanta biyu a Gusau. Madam, matar gidan da take wa aiki, ta yi tafiya, ta bar mata amanar wani ɗan kare mai gashi buya-buya. Dokar benen kuwa tana manne a bakin lifta: duk wanda ya ɗaure kare a rana, za a kai ƙararsa. Shekaranjiya karen ya ishe ta da lasar zani, ga azahar ta yi, sai ta hau da shi rufin bene ta ɗaure a bututun tanki. Ta yi salla, guga ta ɗauke mata hankali. Allah ya kawo Lawali da saƙon daddawa daga gida, shi ya jiyo kukan.

"Goyo alhamdu lillahi," in ji Lawali. "Ya kiwo, Sarkin Turke? Igiya taku biyu, ɗaurin zarge, sai ka ce ragon layya. Dusa kawai kika manta."

"Bawa, kame bakinka. A garinmu wa ya taɓa kai ƙara don an ɗaure dabba?"

"A garinmu a gindin darbejiya ake ɗaurewa, da kaskon ruwa. Ke kin shanya shi a siminti cikin Agusta kamar kilishi. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura."

"Ai na ga taka. Ɗalibin fiƙihu guda, ka rungumo kare a farar jallabiya kana ta ba shi haƙuri, 'ma'alish, ma'alish'. Har da ba shi ruwa a hularka."

"Hular ce ta cece ki. Maƙwabciyarku Dakta Wijdan ta hau da waya za ta ɗauki hoto, ta tarar da ni durƙushe."

"Ka zuba mata Larabcin littafi, dariya ta hana ta latsa wayar."

"Dariyar ba ta yi rana ba? Kuma da uwargijiya ta tambayi bawanta, da na gaya mata a mazhabarmu ta Malikiyya yawun kare ba ya hana salla."

Kulu ta saki baki. "Kana nufin a banza na hau hawa tara?"

"A banza. Rashin sani ya fi dare duhu."

"Shekara huɗu kana cin koshari da sunan karatu, sai yau na ga amfaninsa."

A nan Kulu ta bar tsiya. Ta sunkuyar da kai, muryarta ta sauka.

"Lawali, ba korar kaɗai nake tsoro ba. Da ya mutu a igiyata, me zan ce wa Allah? Jiya na kira Madam na faɗa mata komai da bakina. Ta yi faɗa, amma ta ce in zauna. Ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka."

"Amin. Uwargijiya na gode wa bawa? Bari in rubuta kwanan wata."

Ta wurga masa leda. Sabuwar jallabiya ce fara sol daga kasuwar Ataba, da hula. Da ya warware, sai igiyar nan ta faɗo a cinyarsa.

"Wannan fa?"

"Tafi da ita," in ji Kulu, tana dariya tana goge ido. "Khalas, na bar kiwo."