Faifan Gidan Chisale Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, ni Lameck Chisale na unguwar Matawale, Zomba, nake sanar da rasuwar faifan kwamfutar gidanmu. Ya cika ranar Talata da hantsi, daidai lokacin da aka ɗauke wuta, yana da shekara tara.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa ƙin kaya ba. Ya rayu a ƙarƙashin manhajar kyauta, irin wadda ba a saye, ba a kuma kai ƙarar kowa. Da safe yakan gaishe mu da "zzzz", in aiki ya yi yawa ya ce "kirr, kirr". Maganarsa ta ƙarshe "ƙat" ce, sau ɗaya.

An haife shi da tarbiyya. Kafin ya taɓa kowane fayil sai ya rubuta niyyarsa a wani ɗan kundi, don in wuta ta yanke ya san inda ya tsaya. Gondwe, shugaban ƙungiyarmu ta masoya manhajar kyauta, shi ya ce, "Achimwene, ɗan'uwana, kashe kundin nan, rage masa gudu yake yi. Ko tsoro kake ji?" A Zomba fa, inda wuta ke leƙowa ta gaisa ta wuce. Na kashe, don kada a kira ni matsoraci a taron Asabar.

Da wuta ta dawo, manhajar gyara ta zo duba mara lafiya, ta shiga tambaya: in gyara? In share? A tambaya ta arba'in na gaji, na ce ta amsa wa kanta "e" har ƙarshe, abin da kowane ɗan ƙungiya yake yi a gida yana hana wasu a waje. Ta gama, ta ce komai tsaf. Ba ta yi ƙarya ba. Ɗakin da aka kwashe kayansa ai tsaf yake.

Ya bar marayun fayil dubu huɗu a zauren tsintuwa, ba suna sai lamba. Ya bar hotunan bikin ƙanena, waɗanda ba mai nema, ko ƙwarzane babu. Kwafin ajiya kuwa a cikinsa na adana don kada ya ɓace, tare suka tafi.

Ya tafi da awon kifin matemba na tafkin Chilwa, aikin shekara shida, da matata Tiyamike ta auna ɗaya bayan ɗaya, laka har gwiwa, don digirinta na uku. Ni na sa ta kwashe shi daga littattafanta ta zuba a faifan. Ta ce, "Baban Dalitso, takarda ba ta san ɗauke wuta ba." Na yi mata laccar awa guda a kan 'yanci. Littattafan muka kai ɗakin ajiya, gara ta karɓa da godiya.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, sa'ad da motar Lilongwe za ta sauke Tiyamike, wadda ta je karɓo ranar miƙa aikinta, kuma har yanzu ba ta ji labari ba. Babu nsima, wato tuwon masara, kowa ya ci daga gida. Duk mai ta'aziyyar da ya fara da "ai da ka" za a raka shi ƙofa.

Gondwe, kai ne a sahun gaba. Ni kuma zan tsaya inda ta ce in tsaya, in ta ce.