Sai Hambali Ya Dawo

A gidanmu mu huɗu ne a wancan zamani: Baba, wanda gari ya sani da Malam Isiyaku mai hoto, da Inna, Allah ya jiƙanta, da ni, sai Kawu Tsalha, ƙanen Inna. Kawu ya haura arba'in, ga ƙarfi ga amana, amma fa abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Inna ce kaɗai ba ta taɓa yi masa tsawa ba. Shekarar da Baba ya sayo kwamfuta daga Katsina, duk hotunan garinmu suka koma cikinta, har da na Inna, wadda don tsabar kunya ba ta taɓa yarda an wanke nata a takarda ba.

Wata rana Baba zai fita ɗaukar hoton suna, ya ce wa Kawu kada ya bari kwamfutar ta yi zafi. Bayan la'asar ya dawo ya tarar da shi zaune da mafici yana ta fifita ta, riga sharkaf da gumi. Azahar ma sai da ya roƙi mai shayi ya riƙe masa fifitar sannan ya je masallaci. Baba ya tambaye shi me ya hana shi kunna fanka. Kawu ya ce ai ba fanka aka bar wa amanar ba, shi aka bar wa.

Wata rana kuma Baba ya zauna zai raba faifan ajiyar kwamfutar gida biyu, hotuna gefe, sauran aiki gefe. Yana tsakiyar yi aka zo kiransa jana'iza. Kawu ba ya jin Turanci, sai Baba ya nuna masa maɓalli ɗaya, ya ce in ta yi tambaya ya danna wannan. Ta tambaya, ya danna. Ta sake tambaya ko ya tabbata, ya danna. Sau bakwai, in ji shi, har da alfahari. Da aka sake kunna ta, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan rubutu fari a kusurwa. Ta ƙi tashi sam.

Aka ɗauko wani mai gyara daga Katsina, Hambali. Ya duba, ya ce kayan aikinsa na gida. Zai fita ya waiwayo ya ce, "Kada a sake kunna ta, kada kowa ya taɓa ta, sai na dawo." Kawu na tsaye a bakin ƙofa. A satin nan Hambali ya samu aiki a Fatakwal, ya yi gaba abinsa. Daminar shekarar Inna ta rasu, ba mu da hotonta ko ɗaya a hannu.

Wata rana wani mai gyaran ya zo, ya ce hotuna kam sun tafi, a bar shi ya goge faifan ya zuba sabuwar manhaja, kafin magariba ta tashi. Baba ya yarda, don shago ya tsaya cik. Kafin su juya, Kawu ya ɗora kwamfutar a ka ya yi ɗakinsa da ita, ya naɗe ta da tsohon zanen Inna ya tura ƙarƙashin gado. Baba ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, liman ya sa baki, amsar Kawu ɗaya ce: "Hambali bai dawo ba." Dole Baba ya sayi wata ta hannu. Ni ma na kira shi wawa a gabansa, kuma har yau abin yana damuna.

Shekara shida cur. Wata rana Hambali ya zo garinmu ɗaurin aure, sai jin hannu ya yi caraf a wuyan hannunsa. Bawan Allah bai ma tuna da mu ba, amma Kawu ya jawo shi har gida. Da Hambali ya haɗa faifan da tasa kwamfutar, sai ya ce iyakokin gonar kawai aka tuge, shuka na nan, wato hotunan ba su goge ba. Da an zuba sabuwar manhaja a kai, in ji shi, da ta binne hotunan har abada. Ya mayar da iyakokin, ya gyara wurin tashinta, ya kunna.

Ga Inna nan a bakin murhu, ta kare rabin fuska da gefen mayafi, tana dariya. Baba ya juya baya, ni kuka ya ƙwace mini. Kawu ya miƙa hannu ya ɗauko mafici, ya matsa kusa ya fara fifita a hankali, kuma har gobe ban san ko kwamfutar yake yi wa ba ko yayarsa.